Majinyacin da Ya Ƙi Ihu

Da aka gama yaƙin basasa, Saje Ma'azu ya dawo Bagudo ya ce shi zai shirya wasan kwaikwayo na bikin ranar 'yancin kai. Ɗaurin rauni ya yi a asibitin tanti na soja, don haka ya san abin da zai nuna: likitoci masu barkwanci da majinyata masu kururuwa.

Ya naɗa Ɗanaudu tela likita, ya kwantar da samari a kan tabarmi, aka shafe su da jan galura. Ranar gwaji suka cika filin makaranta da ihu, ban da Manu, wani makiyayi daga Kurgu, wanda ya kwanta tsit.

"Kai Manu! Harsashi na cikin cikinka, mi kake jira? Yi ihu!"

"Saje, surukaina za su zo kallo. Bafillace ya yi raki gabansu? Ko da wasa ba ni yi."

Ɗanaudu ya ce a sauya shi kawai. Ma'azu ya fizge hula zai buga da ƙasa, sai ya tsaya yana kallon Manu, idanu a buɗe, leɓe a cije.

"Bar shi nan," in ji Ma'azu. "Kai kuma likita, in an fara, tsallake masu ihun nan ka yi kansa da gudu."

"Don mi? Su za su ba mutane dariya."

"Su ba su. A tantinmu mai ihu yakan kai gobe. Wurin mai shiru muke rugawa."