Raƙumi a Motar Amarya

A garejin Ustad Sarfraz, tsohon makanike, bayan kasuwar ƙarfe ta birnin Gujranwala, akwai wani tsohon aku da bai iya sallama ba, bai iya kiran sunan kowa ba. Abu ɗaya ya iya, kukan inji. Shi ma ba na kowane inji ba, sai na wata mota da Ustad ya yi tsere da ita tun gemunsa yana baƙi. Idan akun ya ƙoshi da ɗanyen barkono sai ya kumbura wuya ya fara, "Dug, dug, dugudug, dug," kamar tsoho yana tari yana dariya. Motar ta daɗe da narkewa ta zama tukwane, amma muryarta tana nan cikin keji.

Abin da ya rage na jikinta shi ne kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe wa inji bawul ya shaƙi iska ya fitar. Ƙusumbin wannan dogaye ne masu faɗi, shi ya sa Ustad yake kiransa Raƙumi. Yana naɗe da shi a tsohon rawani, a saman kabad. Bai taɓa cin tsere da shi ba. Sau biyu yana zuwa na biyu, sannan ya yi aure, gwiwoyi suka yi nauyi.

Yanzu ga shi ya sauko da shi ya ajiye a kan benci, kusa da wani sabon kamshaf mai gajerun ƙusumbi wanda ya sa wa suna Mai Kunya. Ɗaya daga cikinsu zai shiga motar Tanwir.

Tanwir shi ne saurayin da ya yi ta kawo tsohuwar motarsa 'yar Japan gyara alhali lafiyarta ƙalau, kullum kuma daidai lokacin da Mehwish, autar Ustad, take kawo abincin rana. Da Ustad ya gane, sai ya ce, "Tunda ba ka da ciwo, bari mu nemo maka." Suka tsige injin suka gina shi don tsere. Kafin su gama aka sa ranar aurensa da Mehwish. Gwaggo Nasrin, yayar Ustad, ita ta zaɓi ranar, ba ta kuma tambayi kowa ba. Sai ta faɗo daidai ranar da 'yan ƙungiyar tsere suka kama tsohon filin jirgi. Tsere da hantsi, ɗaukar amarya da la'asar, mota ɗaya, babu lokacin sake buɗe inji.

"Ustad, Raƙumi za mu sa ko?" in ji Tanwir, idanunsa na ƙyalli.

"Ji ɗan banza. Ka san halinsa kuwa?" Ustad ya shafa ƙarfen. "Wannan yana barin bawul a buɗe ya daɗe. In ka taka totur har ƙasa, inji zai sha iska kamar sa a bakin rijiya, ba mai kama ka. Amma ka ce masa ya tafi a hankali, sai ya shaƙe, ya yi ta girgiza, ya mutu. Ga shi mun sa ɗan mitsitsin batir don rage nauyi. In ya mutu da zafinsa, makulli ba zai tashe shi ba."

"To Mai Kunyar fa?"

"Zai kai ka kasuwa, ya kai ka masallaci, ka ɗora kofin shayi a kan bonet ko ɗigo ba zai zuba ba. A filin jirgi kuwa ka ga bayan kowa."

Tanwir ya sosa ƙeya. Ustad ya kalli ƙofa, amma abin da yake gani shi ne ƙofar gidansa ranar Lahadi, ranar bikin: makaɗa a gaba suna tafiyar hawainiya, mota lulluɓe da furanni, 'yarsa a ciki. Sai motar ta yi dug ta mutu. A unguwarsu motar amarya ba ta mutuwa a ƙofar ubanta. In ta mutu, mata za su ce ƙafar amaryar ce ba ta da albarka, kuma duk kazar da ta mutu a gidan mijin shekara goma masu zuwa, da ita za a tuna.

Ya ɗauki rawanin ya fara mayar da Raƙumi ciki. "Mai Kunya za mu sa," ya ce. "Tsere ana yi kowace shekara."

"Ku da wa za ku sa?"

Mehwish ce a bakin ƙofa, da jerin kwanonin abinci a hannu. Bai kamata ta zo ba, ana saura kwanaki biki, amma ta ce in ba ta kawo ba, Abbu, wato babanta, shayi kawai zai wuni yana sha. Tanwir ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Puttar, 'yata, wannan ba maganarki ba ce."

"Abbu, wa zai zauna a motar, ni ko Gwaggo Nasrin?" Ta dire kwanonin. "Tun ina goye nake jin tsuntsun nan yana dug-dug. Da shi kake lallashina in yi barci. Ban taɓa jin na gaske ba. Yanzu kuma ka ce a fitar da ni daga gidanka a motar da ke tafiya shiru kamar ta asibiti?"

"In ta mutu a ƙofa fa? Kin san bakin mata."

"Ta mutu mana. Ba yayye uku gare ni ba?"

Ustad ya dafe goshi. Ya manta da wannan. Ai in amarya za ta tafi, yayyenta maza ne ke dafa bayan motar su tura ta taku kaɗan, wai sun taya ta fita. Kowa ya san wasa ne, direba ne ke ja, su kuma su ɗora yatsu don masu hoto.

"Yaya Kamran ya cinye rabin kayan zaƙin bikina tun ba a fara ba," ta ce. "Bari ya biya da ƙarfinsa."

Tanwir ya yi dariya ta hanci. Ustad ya harare shi. "Kai kuma da kake washe haƙora, giya ta biyu za ka sa, ka danne kuloch. Sai ka ji na ce saki. In ka saki da wuri, na fasa ba ka 'yata."

Ranar Lahadi da hantsi Raƙumi ya yi kuka a filin jirgi har tattabaru suka tashi daga tsohuwar hasumiya. Tanwir ya wuce motoci biyu, ya zo zagayen ƙarshe, wani ɗan Lahore ya riga shi da tsawon hannu. Na biyu. Ustad ya yi ta dariya har hawaye. "Halinsa ne," ya ce. "Bai san wani gida ba sai wannan."

Da la'asar aka fito da Mehwish, an riƙe Alƙur'ani bisa kanta, tana watsa shinkafa ta baya. Motar na tsaye tana karkarwa, furannin jikinta na kakkaɓewa ɗaya ɗaya. Makaɗan ganga suka saurari bugun injin suka rasa yadda za su yi da shi, sai kawai suka bi shi. Gwaggo Nasrin ta toshe kunne. "Wannan mota ce ko injin markaɗe?"

Amarya ta shiga, aka rufe ƙofa. Motar ta yi dug, dugudug, ta yi shiru.

Bakin Gwaggo ya fara buɗewa. Kafin magana ta fito, Ustad ya daka tsawa, "Ina yayyen amarya? Al'ada!"

Suka zo da fararen kayansu, suka ɗora yatsu suna murmushin hoto. Motar ko motsi.

"Tanwir, cire birki mana!" in ji Kamran.

"Bai sa birki ba, Yaya!" Muryar amarya ce daga cikin mayafi. "Tura!"

Suka duƙa da gaske. Kamran yana nishi, hularsa ta faɗi, mata suka fara dariya suna tafi. Ba a san uba da tura motar ba, nasa ya tsaya a ƙofa a riƙe shi yana kuka. Amma Ustad ya ga tayoyin na juyawa da ƙyar, sai ya tattare hannun riga ya shiga tsakanin 'ya'yansa, ya dafa ƙarfen da tafukansa biyu. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, bai saurare su ba.

"Tukuna... tukuna... saki!"

Motar ta yi tsalle ɗaya. Ya ji bugun ya ratso tafin hannunsa har ƙirji, sannan ƙarfen ya zame daga hannunsa ya tafi, da kansa, makaɗa na gudu suna ba da hanya.

"Ban taɓa ganin amaryar da 'yan'uwanta suka tura da zuciya ɗaya haka ba," in ji Gwaggo Nasrin tana share ido. "Yarinyar nan ta tafi da albarka."

Ustad bai ji ta ba. Yana tsaye tsakiyar titi, hannuwansa a miƙe, ganyen fure manne a tafinsa, yana sauraron dug-dug ɗin har ya sha kwanar kasuwar ƙarfe.