Sunan da Za a Kira

Gwaggo Daso na tsaye tana dama kunun kanwa a ɗan kicin ɗin gidan ɗanta na Wangsa Maju, sai ga shi ya shigo yana sosa ƙeya. Ta san wannan sosar tun yana yaro, ba ya yin ta sai da magana a bakinsa.

Salisu autanta ne, malamin jami'a a nan Kuala Lumpur. Matarsa Eleri Baturiya ce 'yar Wales, can wurin karatu ya samo ta. Ta haihu namiji, gobe suna, kuma dalilin haihuwar ne Gwaggo ta taso tun daga Kano.

Ya yi kame-kame, sannan ya ce mai jego na son a sa wa yaron sunan mahaifinta da ya rasu bara, wai shi Iwan. Ya yi saurin ƙarawa da cewa a yarensu kamar Yahaya ne.

"To a sa Yahayan mana," in ji Gwaggo, ko juyowa ba ta yi ba. "Kai Auta, ubanka na kwance a ƙasa, ka samu ɗan fari namiji, ka tsallake shi ka tafi Turai neman suna?"

Salisu ya fita sumi-sumi. Yaro dai zai ci sunan mijinta, marigayi Malam Haliru, an gama magana.

Ta zuba kunu a kofi ta nufi ɗakin mai jego. Gaskiya tana son yarinyar nan. Ruwan wanka mai zafi da ganye ta jure, kunun da ko 'yan Kano ke yatsina fuska a kansa ta shanye, ga Hausarta ta koyo mai ban dariya. Ta same ta a bakin taga da jariri a cinya, jirgin ƙasan cikin gari na wucewa a ƙasa, tana kallon hoton mahaifinta, wani dattijo mai jar fuska a tsakiyar tumaki. Idanunta sun yi ja.

Eleri ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi ta yarda, Haliru suna ne mai daɗi. Ta sunkuya kan jaririn ta kira shi da shi har sau biyu. Gwaggo ta ji tsigar jikinta ta tashi, ta kau da kai. Sunan suruki ne yarinya ke rangaɗawa haka gatsal! Ta zauna ta fahimtar da ita a hankali cewa ba a yin haka. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa, suruka ba ta kira, ita kanta da ta zauna da Malam shekara da shekaru bakinta bai taɓa furta shi ba. Sai dai a yi wa yaro sunan alkunya. Jikokinta na Kano ma duk masu sunan ne, ga Abba, ga Khalifa, ga Walid.

Eleri ta haɗa kalmomi a hankali, sannan ta ce, "Gwaggo, ku kuna son mutum, ba ku faɗi sunansa. Ni ina son babana, ina so in faɗi. A nan babu wanda ya san shi. Idan ban faɗi ba, babu mai faɗi."

Gwaggo ta ajiye kofin ta fito. Maganar ta tsaya mata a rai. Da la'asar Salisu ya kai ta kasuwar Jalan Masjid India sayen mayafan rabo, tana taɓa yadi amma hankalinta na gida. Malam yana da masu suna har uku, yana da unguwa guda da ke yi masa addu'a. Shi kuwa mai tumakin nan 'ya ɗaya ya bari, ita ma ga ta a wata uwa duniya, cikin dangin miji, ba uwa ba ɗan'uwa. Tausayinta ya kama Gwaggo sosai. A hanyar dawowa ta tambayi Salisu yadda ake faɗin sunan nan daidai, ya faɗa, ta ce ita tambaya kawai ta yi, kada ya wani washe baki.

Washegari da safe maza suka taru a surau, ɗan masallacin da ke ƙasan benen. Malam Muttaka, babba cikin Hausawan garin, ya yi addu'a, ya sanar da suna Haliru, aka raba dabino. A sama kuwa falo ya cika da matan ɗalibai da na malamai, ga waina, ga shinkafar da aka sayo a ƙunshe daga shagon abinci, yara na ta guje-guje suna Turanci. Hureira matar Malam Muttaka ta karɓi jariri ta ce to, mai babban suna ne, da me za a riƙa kiransa? Wata ta ce Abba, wata ta ce Amir ya fi zamani.

Gwaggo ta gyara mayafi. Ta ce Abba da Khalifa an cinye su a Kano, kuma ita ke da miji, ita ke da ikon alkunya.

"Iwan za a ce masa. Sunan kakansa ne na wajen uwa, mutumin kirki, makiyayi. Duk wadda bakinta bai iya ba ta zo in koya mata."

Aka yi dariya, Hureira ta rangaɗa guɗa. Eleri ta dubi Gwaggo. Sai ta karɓi ɗanta ta kira shi, ta sake kira. Gwaggo ta harare ta da wasa ta ce ta bi a hankali, kada ta cinye sunan tun yau.

Da rana ta yi, baƙi suka watse, mai jego ta samu barci. Gwaggo ta ɗauki jaririn ta fita baranda. Ta leƙa falo, ta leƙa kicin, babu kowa. Ta daɗe tana kallon ɗan goshin nan irin na Malam. Sannan ta kai bakinta daidai kunnensa, a hankali ƙwarai, ta ce, "Haliru."

Yaron ya yi miƙa ya ci gaba da barcinsa. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.