Bakin Inagaki

Shatin yatsa na baƙin mai ya zauna daram a kan fuskar Inagaki, shafi na arba'in. Gunadi bai goge ba. A rumfarsa ta gyaran babur da ke ƙofar gida yake zaune, sabon littafin a kan gwiwarsa, ya karanta layin ya sake karantawa.

Matarsa Ningrum ce ke fassara wannan labarin zane na soyayya da raha daga Japananci, tun juzu'i na farko. Kuma duk unguwarsu a Semarang an san inda ta samo bakin Inagaki, saurayin labarin. A bakin mijinta ta samo shi. Mutum ne da sai an ja magana daga cikinsa da ƙugiya, haka shi ma Inagaki. Har a bayanan da take aika wa edita don kada halin mutanen labarin ya sauya daga juzu'i zuwa juzu'i, ta rubuta: Inagaki ba ya godiya, cewa yake "ai da kin bari." In kunya ta kama shi, zancen ruwan sama yake yi. Gunadi kan yi tsaki in abokai sun tsokane shi da wannan, amma a ransa daɗi yake ji kamar ya taka rawa.

Yau kuwa ga Inagaki yana ce wa yarinyar da yake so, "Dariyarki kan biyo ni har gida."

Gunadi ya san mai wannan baki. Yudha ne, editan, ɗan ƙwalisa mai turare da ke kawo shafuka ranar Asabar. Da kunnensa ya ji shi a bakin ƙofa yana ce wa Ningrum, "Mbak," wato yaya, "shayinki kan biyo ni har gida." Kishi ya turnuƙe shi.

Ya sami Ningrum a falo gaban kwamfuta, soyayyen tempe na waken soya ya huce a gefenta.

"Dik," ya kira ta yadda miji kan kira matarsa a can, "yaushe Inagaki ya fara shafa turare?"

Ta dubi littafin, ta dubi hannunsa. "Mas," ta ce, wato maigida, "ka ɓata min shi da mai."

"Ba haka yake magana ba. Ke kika rubuta dokar da hannunki."

"Na sauya ta. Yaron ya girma. A Japanancin ma yanzu bakinsa ya buɗe, ya koyi faɗin abin da ke ransa."

"Sai kika je aro wurin mai turare."

"To wurin wa zan je?" Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan. "Wata biyu ina kasa kunne a gidan nan. Abin da na samu shi ne taya ta yi tsada, kuma hadari ya haɗo."

Gunadi ya sosa ƙeya. Ya so ya ce hadarin da gaske ya haɗo, ya haɗiye.

Ta juyo masa da kwamfutar. Shafi ne na juzu'in da za a fitar nan gaba. Inagaki na tsaye a tashar jirgin ƙasa, yarinyar riƙe da jaka, ƙofa na shirin rufewa. Farar da'irar maganar da ke saman kansa babu komai a ciki.

"Nan zai hana ta tafiya," in ji Ningrum. "Gobe zan aika. Japanancin na gane shi sarai, yadda mutumin garin nan zai faɗe shi nake nema."

"Ki tambayi Yudha mana. Ai ba ya rasa ta cewa."

"Ya ba ni nasa tun ranar Litinin."

"Yana da kyau?"

"Ƙwarai."

Gunadi ya tsura wa da'irar ido. Maganar tana nan cunkushe a ƙirjinsa, ya san ta, shekara da shekaru yake ɗauke da ita. Ya buɗe baki, Ningrum ta janye hannuwanta daga kan kwamfutar tana jira. A waje wani ya danna hon yana kiran mai gyara.

"To tunda ya ba ki," in ji Gunadi, "me kike jira?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya kwamfutar wajenta, ta fara buga na Yudha.