Maɓallan Mushe Manzo

"Aje wuƙar ga, Alhaji, karya shi za ka yi!"

Ban rufe baki ba sai ƙas! Maɓallin ya tsage biyu, rabi ya faɗa ƙarƙashin gado. Alhaji Alƙasum ya dubi wuƙar kamar ita ta yi laifin, ya ce, "Tarkacen banza. Mutum na kwance, mi za ya yi da ordinater?"

Ji mini magana! Kwamfutar nan ita ce fa bakin mai jinyar. Mushe Manzo, ƙanen Alhajin, maƙwabcina ne katanga ɗaya a nan Tawa. A biro, wato ofis, ya ƙare ƙarfinsa yana buga takardu. Tun da hawan jini ya kayar da shi harshe ya tafi, hannun dama ya mutu, na hagu rawa yake, ba ya riƙe bik balle ya yi rubutu. Yatsa guda ya rage masa, da shi yake danna tsohon kilabiyensa, allon maɓallan kwamfutar, mu karanta a gilashi. "Ruwa." "Juya ni." Da safen nan ya rubuta, "A kira Nusaiba."

Nusaiba ce ɗiyarsa tilo, tana aure a Yamai, da tsohon ciki. Alhaji ya hana a gaya mata, wai ba a tada hankalin mai ciki. Wayar Mushe tana aljihun Alhajin, in ta kira shi ke ɗauka: "Da sauƙi, da sauƙi, barci yake." Wane sauƙi? Ni ba ni da lambarta, sai na ce Mushe ya buga mini. Kafin in sauke tukunya in dawo, ƴan dubiya sun cika ɗaki da shayinsu, wani ya rasa inda zai aje faranti sai kan kilabiye. Shayi na uku, mai sukarin nan kamar zuma, ya zube ya bi ƙarƙashin maɓallan lamba ya daskare. Ko sannu ba wanda ya ce. Da na tada jijiyar wuya ne Alhaji ya jawo wuƙa, Allah kaɗai ya san ko gyaran ya nufa.

Ni mai kitso ce. Na zare tsinke daga ɗankwalina, na cire wayar kilabiyen, na ɗora shi a cinya.

"Raƙiya, nan ba gidanku ba ne," in ji Alhaji.

"Katangar ba ta toshe mini kunne ba, Alhaji. Daga ɗakina nike jin nishinshi."

Aka kira la'asar, maza sunka watse. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, na zura tsinke ƙarƙashin kusurwar maɓalli, in ɗaga nan kaɗan, in koma can, kamar mai tsefe tsohon kitso. Wani ya fita da sauƙi, wani sai na bar ɗumin ya narkar da sukarin. A ƙasa ga danƙo, ga ƙura, har kiyashi sun iso. Duk wanda na ciro sai in jefa shi a kwanon ruwa. Mushe na bin hannuna da ido, numfashinsa na ƙara.

"Bari su bushe in maida, Mushe."

Ya yi wani gunji, ya ɗaga yatsa. Na gane babu lokaci. Na goge kilabiyen, na jona wayarsa, na tura masa allon da ramukansa kamar bakin tsoho. Bai nemi rubutu ba. Yatsan ya bi ramukan yana rawa, lambar ta jeru a gilashi. Na buga ta a wayata, na yi sallama.

"Inna Raƙiya? Lahiya?" in ji Nusaiba.

"Ba lahiya ba, ɗiyata. Ga babanki, yi magana, yana ji."

Na kara masa wayar a kunne. "Baba! Baba, ni ce!" Hawaye sunka gangara cikin kunnensa. Yatsan ya sake motsi, na karanta mata: "Na ji ki."

Washegari da hantsi Mushe ya cika. Kafin azahar an kai shi, motar Yamai ba ta shigo ba sai da rana ta yi sanyi. Alhaji na bisa tabarma yana ce wa masu gaisuwa, "Wallahi jiya-jiya da sauƙi." Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Nusaiba ta durƙusa masa da cikinta, ta gaishe shi, ta wuce ɗakin uban. Kwanon na nan gefen gado. Ta tsamo maɓallan, ta shiga goge su ɗaya bayan ɗaya da bakin mayafinta.

"Inna, wanne ke zuwa ina?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Shi ya sani."

Ta zuba su a cinyarta, ta sa yatsa cikin rami guda na kilabiyen, ta bar shi a nan.