Cajar Baba Mai Agogo

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya. Ban ma san ta inda ake farawa ba, don haka zan fara daga inda aka ɗaga murya.

"Ja ce," in ji Baba Mai Agogo. "Zo ki gani da idonki. Tun hantsi na jona shi, ga rana har ta yi sanyi, fitilar cajar tana nan ja."

Mai Ƙanƙara ta ajiye bokitinta ta matso. Mahaifiyata ce, amma haka kowa ke kiranta a gidan hayarmu, haka ni ma zan kira ta a nan. Ta duƙa a ƙarƙashin matakala, inda soket ɗin gidan yake. Baki biyu gare shi. Ɗaya na firizarta, wadda da ita take ciyar da mu tun rasuwar mahaifinmu. Ɗayan na cajar babur mai ƙafa uku da ɗan Baba ya sayo masa, da gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa.

"Ja ce, Baba. Ƙila batirin ne."

"Batirin sabo ne fil." Ya dube ta ta saman tabarau, irin duban da yake yi wa agogon da aka ce ba a taɓa buɗe shi ba. "Ƙanƙararki kuwa na ga tana daskarewa yadda kike so."

Ta gane inda ya dosa. Kowa a gidan ya san in aka jona biyun tare, firizar takan yi nishi, ruwa ya daɗe bai kama ba. Matar malamin da ke sama ta leƙo da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba. Gwaggo, matar Baba, tana zaune a bakin ƙofarta tana ɗinke aljihun riga, ko kai ba ta ɗaga ba.

Abin da Baba yake so ba ɓoyayye ba ne. Yayarsa tana kwance a ƙetaren gada, ta daina tashi, yana so ya je ya gan ta. Ɗansa ya ce zai kai shi a mota, ya ƙi. "Ba za a sauke ni gaban Yaya kamar buhu ba," haka ya ce. "Ita ta koya mini tafiya. Da kaina zan je." Sai dai gadar doguwa ce, ga hawa, babur ɗin ba zai kai ya dawo ba sai batir ya cika. Kullum yana jonawa, maganin da yake sha ya sa shi barcin rana, ya farka ya tarar da ja.

Mai Ƙanƙara ba ta iya kwana da zargi. Washegari ita ta tura shi, yana zaune bisa babur ɗin yana riƙe da sitiyari, har shagon Dogo bakanike a ƙarshen layi. Masu kai saƙo a babur suna zaune kan benci, suna jiran a gama musu aiki.

"Ga jirgin Baba ya iso," in ji wani da ake kira Gajere. "Yau da injin mace yake tafiya."

"Ka ji da bakinka," in ji Mai Ƙanƙara. "Naka mai ƙafa biyun ba shi ya yar da kai a kwata ba?"

Aka yi dariya. Gajere bai saduda ba. Ya ce shi ko kyauta ba zai hau mai ƙafa uku ba, don a kwana ba ya kwanciya, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar kare. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, in ka rage gudu kafin kwana lafiya lau, kuma a cunkoso ba ka sauke ƙafa ƙasa. Wani ya ce matsalarsa rami: ka kauce da tayar gaba, ta baya ta faɗa.

"Duk wanda ya faɗi a kan wannan, da ma a tsaye ma faɗuwa zai yi," in ji Baba.

Dogo ya ɗaga kujerar, ya kankare kan batirin, ya duba fis, ya ɗora mitarsa. Ya jona cajar a soket ɗin shago, suka zuba ido, allurar tana hawa.

"Baba, batir lafiya, caja lafiya. Ba ya dai samun wuta ne. In filogi bai zauna daram ba, wannan cajar fitilarta tana kamawa ja, amma ba abin da ke shiga." Ya goge hannu da tsumma. "Ko bakin soket ɗinku ya saki, ko akwai mai sassauta shi."

Baba ya gyara tabarau. Ya juya ya dubi Mai Ƙanƙara, masu benci ma suka dube ta. Ita ta kawo shi don ta wanke kanta, ga shi ta koma da abin da ya fi na da nauyi. A hanya ko sannu bai yi mata ba.

Ita ma ta shiga zargi. Ta zargi yaran malami masu neman inda za su yi cajin waya. Ta zargi mai gidan, wanda kullum yake ƙorafin wuta. Har ni ta tambaya, na rantse mata. Baba kuwa ya kafa tarko irin na masu gyaran agogo: ya ɗaure filogin da farin zare siriri, ya zagaya shi a ƙusar bango, yadda ko yaya aka motsa sai ya tsinke. Da yamma zare yana nan lafiya, fitila tana nan ja. Ya ce lallai ɓarawon nan ya iya ɗauri.

Ranar da ta gano, mantuwa ce ta dawo da ita. Ta fita kai ƙanƙara, ta tuna ta bar mabuɗin firiza, ta juyo. Gidan tsit, rana ta take. A ƙarƙashin matakala ta ga mutum a durƙushe. Gwaggo ce, da ƙwaryar zarenta a gefe, ta ja filogin baya kaɗan, tana sake ɗaure shi da sabon zare, tana cizon bakinsa da haƙori.

"Gwaggo."

Tsohuwar ba ta firgita ba. Ta ƙarasa ƙullin, sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Zaren ai nawa ne, 'yar nan. A ƙwaryata ya ɗauka."

"Ni kuma sunana fa? Matar malami ta daina sayen ƙanƙarata. In na wuce shagon Dogo sai an yi shiru."

"Na sani." Ta jawo ta cikin inuwa, ta rage murya. "Numfashinsa yana ɗaukewa. Yana zaune yana magana sai ki ga ya tafi, sai na yayyafa masa ruwa. Ya hana ni gaya wa ɗansa, wai za a ƙwace masa babur. In abin ya same shi a tsakiyar gada, ga manyan motoci? In na ce kar ya je, da rarrafe ma sai ya tafi, kin san shi. Gara ya yi fushi da batir."

"Ba da batir yake fushi ba, da ni yake."

Gwaggo ta kama hannunta. Tafin tsohuwar sanyi ƙalau. "Ki riƙe mini, don Allah. Ke in ya yi fushi da ke, ɗakinki daban."

Mai Ƙanƙara ta riƙe sirrin. Ba don ta yarda ba, ta dai rasa yadda za ta ce a'a. Baba ya daina amsa gaisuwarta. Ya aiko aka dawo mata da agogon bangonmu da ya karɓa zai gyara, bai taɓa shi ba. Wannan ya fi komai ci mata rai, don shi ya gyara agogon hannun mahaifinmu ya ba ta bayan rasuwar, bai karɓi komai ba.

Da labari ya zo cewa jikin Yaya ya tsananta, Mai Ƙanƙara ta sami Gwaggo a wurin shanya.

"Ki bar batirin ya cika gobe. Na yi magana da Dogo, zai bi Baba a baya da babur ɗinsa, a hankali, har ƙofar gidan. In kin ƙi, ni zan faɗa masa."

Gwaggo ta daɗe tana matse rigar da ta riga ta matse. "To," ta ce.

Da safe Mai Ƙanƙara ta cire firizarta gaba ɗaya, ta bar masa wutar, ƙanƙarar ranar ta narke a ciki. Baba ya fito da fararen kayansa, ya tura filogin da kansa har ya zauna, sannan ya hau kujerar babur ɗin ya harɗe hannu.

"Yau ko magani ban sha ba," ya ce mata, karo na farko da ya yi mata magana tun ranar agogo. "Ina nan zaune. Mai sassautawa ya zo ya sassauta mu gani."

"Allah ya kai ka lafiya, Baba. Ka gaida Yaya."

Ya yi tsaki, amma ta ga gefen bakinsa ya motsa.

Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga ta sake fitowa, yana nan, idonsa a kan fitilar. Da rana ta ɗaga ta ga kansa ya sunkuya bisa ƙirji, ta ce a ranta barci ya ci ƙarfin mai gadi. Gwaggo ce ta zo da kofin ruwa, ta kira shi, ta yayyafa masa, ta sake yayyafawa. Sai ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta zauna kusa da tayar.

Bayan an kai shi makwancinsa, gidan ya cika da masu gaisuwa. Ɗansa yana tsaye a tsakar gida, idonsa ya yi ja, muryarsa ba ta da ƙarfi amma kowa ya ji.

"Abu ɗaya ya roƙa, ya ga yayarsa. Wani a gidan nan ya hana shi. Ban san abin da mutum zai samu ba a wutar tsoho."

Bai ambaci suna ba, amma matar malami ta dubi ƙofarmu. Mai Ƙanƙara ta ga Gwaggo ta ɗago daga kan tabarma, ta buɗe baki. Ɗan nan shi kaɗai ya rage mata, gidansa za ta koma da zama. Mai Ƙanƙara ta tsallaka takalman mutane, ta durƙusa gabanta, ta kama hannunta ta matse.

"Gwaggo, sha ruwa," ta ce. "Ba yau ake magana ba."

Sannan ta juya ga ɗan. "Ka yi haƙuri. Firizar ce ba ta son a raba mata wuta."

Ya dube ta, ya kau da kai. Wata daga baya ta ce ai da ma an sani.

Ni ina tsaye a gindin matakala. Ba wanda ya tuna ya cire cajar. Babur ɗin yana nan inda yake, tabarau ɗin Baba a cikin kwandon gaba, farin zare yana lilo a jikin ƙusa, fitilar ta koma kore. Na mayar da filogin firizarmu a ɗaya bakin, ta fara nishinta. Na ɗauki takalmana a hannu na haye sama, ba wanda ya waiwayo.