Bodarin Bayan Rumbun Kassim

Kassim Mailafiya ya yi shekara biyu a Khartum, ya dawo Gadarif da tabarau da yawan magana. Ranar da dattawan unguwa za su zaɓi shugaban manoma, shi ya kira su gidansa, ya yanka rago, ya sa farar jallabiya. Kujerar yake so, kowa kuma ya sani.

Bayan rumbunsa akwai tsohon suri. Bodari ne a ciki, baƙi mai ratsin fari a gadon baya. Da rana barci yake, in sawu ya ɗauke ya fito ya ci ɓeraye da kunamu. Tun zamanin mahaifin Kassim ba a taɓa ramin nan ba.

Ana shan shayi, iska ta kawo ɗan wari. Sharu Cindo, wanda shi ma ake ambata a kujerar, ya ja hanci. Jan hancin nan ya ƙona Kassim.

"Yanzun nan zan raba gidan nan da ƙazanta," in ji shi.

Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta leƙo daga madafa. "Kai, ƙyale shi. Shi ke gadin dawarka."

"Inna, wannan tunanin mutanen da ne."

Ya cusa kara a ramin, ya kunna wuta. Bodari ya fito yana tangaɗi. Sanda ɗaya Kassim ya maka masa, ya mimmiƙe, ƙafafu sama. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san mutuwar ƙarya ce, don haka dattawa suka ja tabarma baya. Kassim bai taɓa kiwo ba. Ya ɗaga shi ta wutsiya, ya kai shi daidai fuska don ya duba.

"Jama'a, ga aikin..."

Bai ƙarasa ba. Bodari ya fesa masa ruwan warinsa tun daga gemu har ƙirji, ya dire, ya shige kara abinsa. Kassim ya durƙusa yana kakarin amai. Dattawa suka yi waje, wasu ba takalmi.

A gindin dalbejiyar masallaci suka zauna don yin zaɓen. Kassim ya biyo su, ido jajir.

"Wallahi tsaya nan, ɗan nan," in ji Tsoho Mudi, babbansu, hannu a hanci. "Ɗaga hannunka daga can, za mu gani."

Ya ɗaga. Nasa kaɗai ne. Sauran goma sha huɗu Sharu Cindo suka ɗaga wa.