Baba Jalilu Ya Tsaya a Tsakiyar Suna

"Sanda Wangara, tela, ya hau jirgi a Takoradi, shekara ashirin da..."

Baba Jalilu bai ƙarasa ba. Asama'u ta jira, yatsunta a kan laptop. Haka yakan yi, ya dakata ya yi wa mai sunan addu'a kafin ya ci gaba. Amma yau ba addu'a ta ji ba, wani gurnani ta ji, kamar na wanda aka shaƙe.

Tun bazara suke wannan aiki. Wata ƙungiya ta jikokin waɗanda suka zo Ingila ta ruwa ce ta ɗauki hotunan tsofaffin takardun jiragen da suka sauka a Liverpool, ana kwafe sunayen fasinjojin cikin kwamfuta don masu neman asalinsu. Asama'u, da ta zo daga Kano karatun digiri na biyu, ta karɓa ne saboda aiki ne da ba ya sa ta magana da kowa. Sai Baba Jalilu, maƙwabcinta na flat ɗin ƙasa a Old Trafford, tsohon direban bas ɗan zangon Kumasi, ya ji labari ya ce sam, ba za ta ci wannan tuwo ita kaɗai ba. Bayan la'asar takan sauko falonsa, a bar ƙofa a buɗe, shi ya karanto, ita ta rubuta. In sunan Musulmi ne ya ce Allah ya jiƙansa. In na Bature ne ya ce, "To, Mista, Allah ya ba jikokinka haƙuri."

Wata rana ya ajiye tabarau ya ce, "'Yar Kano, mutanen nan cikin sanyin nan suka ƙare. Wa ya san ko an samu mai tuna musu kalmar shahada? Ni ba mutuwar nake tsoro ba. In tafi shiru, talabijin tana surutu a kaina, shi nake tsoro. In kina kusa, ki tuna mini, kin ji?"

"Haba Baba," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Yanzu ga shi ya zame daga kujera, hannu dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa gemu. Ita ko gawa ba ta taɓa gani ba. Sau biyu wayar tana kuɓuce mata kafin ta danna 999, lambar agajin gaggawa. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi adireshi, ta tambaya ko yana numfashi.

"Yana yi. He's breathing. Please ku zo."

Ta durƙusa a gefensa. Ya kama gefen hijabinta ya riƙe, yana kallonta. Ta san abin da ake yi, ta sha ji wurin kakarta: ba a ce wa mai jin jiki "faɗi", kai ne za ka riƙa faɗa a hankali kusa da kunnensa har ya kama. Ta buɗe baki, ta sake rufewa. In ta faɗa, ai ta gaya masa ke nan cewa tafiya ta zo. In kuma ciwo ne mai wucewa fa, tsoro ya ƙarasa shi?

"Sannu Baba. Suna zuwa. Sannu."

"Ki... kira Shetu," ya ce da ƙyar. Shetu ce 'yarsa, tana aure a Birmingham.

"Zan kira, Baba. Sannu."

A waje wata mota ta wuce da kiɗa. Hannunsa ya saki hijabin.

"Ba ya numfashi!" Ba ta san muryarta tana kaiwa haka ba.

Matar ta ce ta kwantar da shi rigingine, ta ɗora hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta danna da ƙarfi. Asama'u da ko hannun namiji ba ta taɓa riƙewa ba, ta haɗa tafukanta a kan ƙirjin tsohon. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunta, ta yi ƙara, matar ta ce kada ta tsaya.

"Count out loud for me, love. One, two, three, four."

Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Sai ta ji bakin da aka roƙa kalma ɗaya yana zubo wa tsohon lissafin Turanci a kan fuska. Ta daina ƙirgawa.

"La'ilaha illallah. La'ilaha illallah."

"I can't hear you counting."

Asama'u ta ci gaba. Tana dannawa tana faɗa, kowace danna da gaɓarta, har muryarta ta dishe. Leɓensa na ƙasa ya motsa sau ɗaya. Ko shi ya motsa shi, ko dannawarta ce, ba ta sani ba. A haka masu motar asibiti suka same ta. Suka janye ta, suka yanka masa riga da almakashi, suka yi ta fama. Can babbansu ya miƙe, ya dube ta, ya girgiza kai.

Magariba ta wuce lokacin da Shetu ta iso daga Birmingham, da rigar aikinta a jiki. An riga an tafi da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba.

"Ƙanwata, ke ce a wurin?"

"Ni ce, Anti."

"Ya samu ya yi?"

Da Asama'u ta ce e, babu mai ƙaryata ta. 

"Ban sani ba, Anti. Na makara. Yana kallona na kasa. Da na fara, ya riga ya... Leɓensa dai ya motsa. Wallahi ban sani ba."

Shetu ta matso kusa da ita. "Amma kin faɗa?"

"Na yi ta faɗa."

"To ita ce ta ƙarshe da aka yi a kansa ke nan." Ta share ido da bayan hannu. "Zauna kafin ki faɗi."

Shetu ta ɗauki rigar da aka yanka daga ƙasa, ta zauna, ta shimfiɗa ta a kan cinyarta. Ta haɗa ɓarin dama da na hagu, baki da baki, tana shafawa da tafin hannu har suka daidaita.